Daga Ƙofar Ƙaura Zuwa Ƙofar da Ido Ba Ya Gani

Hazo ya lulluɓe gari ranar da na shiga Katsina, rana ta yi fari fat kamar sabon faifai, ana iya kallonta ido da ido. Ƙarshen hunturu ne, watan Sha'aban ya raba tsakiya. Daga tasha na hau keke napep muka bi ta Ƙofar Ƙaura, inda yanzu motoci ke nutsewa ta gadar ƙasa su ɓullo ta ɗaya gefen, babu mai tsayar da su, balle a tambaye su abin da suka ɗauko. Da muka kutsa cikin tsohon gari hanya ta tsuke, ƙamshin ƙosai da hayaƙin itace suka tarbe mu, almajirai na rakuɓe a jikin katanga suna shan hantsi.

Gwaggo na zo dubawa, ƙanwar mahaifina, wadda ciwon suga ya kama shekara shida ke nan. Na same ta a tsakar gida bisa tabarma, ta miƙe ƙafafu, jikarta na shafa mata man kaɗanya a dugadugai.

"Sannu Gwaggo, ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, ɗan nan. Ka sha hanya. Ya ka baro su Yaya?"

Duk wanda ya ɗauka ciwon suga na masu tumbi ne da masu kwankwaɗar lemon kwalba, ya zo ya ga Gwaggo. Siririya ce tun tana budurwa, furarta ma ba ta sa mata suga, sai dai nono da ɗan yaji. Wannan shi ne ƙorafinta na kullum, kuma ranar ma ba ta fasa ba: ita da ba ta shan zaƙi, ta ina zaƙi ya shiga jininta? Yadda aka gano ciwon ma irin na yawancin mutanenmu ne. Ƙishirwa ta addabe ta, ta riƙa tashi fitsari sau biyar sau shida cikin dare, zannuwanta suka fara yi mata yawa, sannan wata safiya aka ga kiyashi sun yi dafifi a makewayi. Sai da aka sha jiƙe-jiƙe na wata uku kafin a je asibiti.

Abin da ya fi damunta a wannan zuwan nawa shi ne azumi. Bara, ranar goma sha ga wata, wajen la'asar sakaliya, gumi ya karyo mata, hannu ya kama rawa, harshe ya yi nauyi, sai da aka ɗura mata ruwan suga ta dawo hayyacinta. Mai ciwon suga, amma rashin suga ya kusa kai ta ƙasa. Ta kasa gane wannan, ni ma a lokacin ban gane ba.

Washegari da sassafe muka raka ta ganin likita, ni da ɗanta, taubashina, wanda ke koyar da ilmin aikin sassan jiki a wata makarantar kiwon lafiya. Kafin ƙarfe bakwai bencina sun cika. Kowa ya zo da yunwarsa, domin gwajin safe ba a karya kumallo kafin a yi shi, kowa kuma da ƙullin kokonsa ko burodinsa a leda yana jiran a soka masa yatsa ya samu ya ci. Akwai dattijo da babbar riga da carbi, akwai matashi da bai wuce ashirin ba, akwai mace mai tsohon ciki, akwai wani da aka naɗe wa ƙafa da bandeji har ƙwauri, ɗansa na kore masa ƙudaje. Hirar wurin duk ta lambobi ce. Wannan ya ce nasa ya sauko tara, wancan ya ce nasa ɗari biyu da wani abu, sai ka ɗauka bambancin ya kai sama da ƙasa, alhali ma'auni biyu ne ake amfani da su. Wanda gwajinsa na safe ya kai 7 a ɗaya ma'aunin, daidai yake da mai 126 a ɗayan, kuma daga nan ne likitoci ke cewa ciwo ya tabbata idan an maimaita gwajin.

Irin wannan layi za ka same shi a Babban Asibitin Katsina, da Asibitin Koyarwa na Tarayya wanda a da ake kira Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi, da ƙananan asibitocin kuɗi da ke unguwanni. Wani nazari da Farfesa Andrew Uloko na Kano da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya kiyasta cewa kusan kashi 6 cikin ɗari na 'yan Najeriya na da ciwon, kuma Arewa maso Yamma ce mafi ƙaranci da kashi 3. Kada wannan adadi ya sa mu saki jiki. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ce a 2021 fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su ma san suna da shi ba. Waɗanda na gani a benci su ne masu sa'a, su da suka sani.

Da muka mai da Gwaggo gida, na ce wa taubashina ya warware mini tambayarta, da tawa. Ya ce in sa takalmi, a zaune ba za ta warwaru ba.

Muka fara da Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kimanin mita 15, wanda ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, sarkin Katsina Musulmi na farko. Daga samanta ya riƙa nuna mini da yatsa cikin hazo inda kowace ƙofa take: Ƙofar Guga, Ƙofar 'Yanɗaka wadda Lugga ya shigo ta cikinta a 1903, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Sauri. Ganuwar da ta haɗa su yawancinta ta zube, gidaje sun hau kanta, masu ɗibar ƙasa sun ƙarasa sauran, abin da ke ba ni takaici duk zuwan da na yi. Amma a zamanin da take tsaye, kowace ƙofa da ƙyaurenta da sarkin ƙofarta. A buɗe da asuba, a rufe da almuru, a san wa ya shiga, wa ya fita. Garin da aka bar ƙofofinsa a buɗe dare da rana ya zama na mahara, wanda aka garƙame shi har abada kuwa yunwa ce za ta ci shi. Rayuwar birni tana cikin sanin lokacin buɗewa da lokacin rufewa.

Muka sauko muka samu gindin wata dalbejiya, ya tsuguna ya zana da'ira a ƙasa da tsinke.

A bayan tumbin ɗan Adam akwai wata gaɓa kwance, doguwa kamar harshe, tsawonta bai fi taƙi guda ba, likitoci na kiranta fankiriyas. Mutane kan rikita ta da saifa, amma kowace aikinta daban. A cikinta akwai wasu 'yan tsibirai kusan miliyan guda, waɗanda wani ɗalibin likitanci a Balin, Paul Langerhans, ya fara gani a madubin ƙara girma a 1869. Duk yawansu ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na gaɓar ba. A cikin tsibiran ne ƙwayoyin halittar da ake kira beta suke zaune, ƙanana ƙwarai, sai an jera kusan ɗari kafin su cika milimita ɗaya. Su ne ke ƙera insulin, sinadarin da ke umartar tsoka da hanta da kitse su kwashe suga daga cikin jini. Sugan nan kuwa ba sai an sha shi da cokali ba. Tuwo, fura, shinkafa, rogo, waina, duk idan hanji ya gama da su suga suke komawa. Amsar tambayar Gwaggo ta farko ke nan: zaƙin daga tuwonta yake, kuma kowa ma haka jininsa yake samunsa. Abin da ya bambanta shi ne ko akwai mai kwashewa.

Da'irar da ya zana ita ce ƙwayar beta guda ɗaya, layin kuma tantanin da ya kewaye ta, wato ganuwarta. Ya gutsuttsura layin a wurare, ya ce ga ƙofofi. Masu shige da fice ta cikinsu gishirai ne narkakku masu ɗauke da cajin lantarki, biyu daga ciki su ne abin maganarmu. Na farko potasiyam, wanda ke da yawa a cikin toka, shi ne ƙarfin ruwan tokar da iyayenmu mata ke tacewa su sa a miya. Kanwa ma a boko ana laƙaba mata sunansa, amma akasarin abin da ke cikinta dangin gishirin miya ne. Na biyu kalsiyam, na ƙashi da haƙori da ɓawon ƙwai.

Lokacin da mutum bai ci komai ba, wata ƙofar potasiyam tana buɗe, potasiyam na silalewa waje da cajinsa, cikin ƙwayar ya zauna shiru a wajen milibolt 70 ƙasa da sifiri. Da an ci abinci suga ya shiga ƙwayar, sai ta ƙona shi ta samu sinadarin ƙarfi da ake kira ATP, shi kuma ya je ya tura ƙyauren waccan ƙofa ya rufe. Potasiyam ya rasa mafita, caji ya taru a ciki, ya hau, ya hau, har ya kai inda ƙofofin kalsiyam ke buɗewa. Kalsiyam ya kwararo ciki, ya taɓa 'yan jakunkunan insulin da ke jibge a bakin ganuwa, kusan dubu goma a ƙwaya ɗaya, wasunsu su fashe zuwa waje, insulin ya bi jini. A 1984 aka tabbatar da wannan ƙofa ta farko, a aikin Daniel Cook da Nicholas Hales, da kuma na Frances Ashcroft da abokanta a Oksfod.

Na ce to ai magana ta ƙare. Ya ce yanzu ma ta fara, domin wanda ya san yadda ake kunna wuta bai san komai ba sai ya san yadda ake kashe ta.

Daidai lokacin, daga wani gida da ke bayanmu, muka ji mata biyu sun kama lugude. Taɓarya ɗaya na sauka ɗaya na tashi, tim, tim, tim, can sai su tsaya, a juya hatsi, a share gumi, a sake kamawa. Ya ɗaga yatsa ya ce in saurara, abin da ƙwayar beta ke yi ke nan. Tun 1968 wasu masana biyu, Dean da Matthews, suka soka siririyar allura mai auna lantarki cikin tsibiran ɓera, suka ga cajin ba tsayawa yake a sama ba. Bugawa yake yi a jere, ya huta, ya sake bugawa. Idan suga ya ƙaru, lokacin bugun ya tsawaita, hutun ya gajarta. Shi ya sa insulin ma a jikin mai lafiya ba zuba yake kamar famfon da aka manta a buɗe ba, tsartuwa yake yi kusan duk bayan minti biyar, kuma hanta ta fi jin maganarsa idan ya zo mata a haka.

To wa ke cewa a tsaya? A nan ne abin ya kama ni, har na tsuguna kusa da shi. Akwai wasu ƙofofin potasiyam na daban waɗanda mabuɗinsu shi ne kalsiyam ɗin kansa. Baƙon da ya shigo ya ta da gari, shi ne kuma idan ya yi yawa zai je ya buɗe wa potasiyam hanya. Potasiyam ya fice, caji ya faɗi, ƙofofin kalsiyam su rufe, ƙwayar ta samu sararin kwashe kalsiyam ɗin da ya taru ta mai da shi ma'ajiya ko ta fitar da shi, sannan a koma fagen daka. Iri biyu ne manya a cikinsu. Akwai mai faɗin baki, wadda ake yi wa laƙabi da BK, tana buɗewa cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ita ce ke ɗaga taɓarya bayan kowane bugu. Akwai ƙanana, dangin SK, masu buɗewa a hankali yayin da kalsiyam ke taruwa, su ne ke taimakawa a kawo hutun tsakanin zagaye da zagaye. Illani Atwater da Eduardo Rojas da abokan aikinsu ne suka kawo wannan shawara a 1979, Teresa Chay da Joel Keizer suka zuba ta cikin lissafi a 1983. An daɗe ana ja-in-ja a kan ko su kaɗai ke kawo hutun, kuma inda akasarin masana suka karkata yanzu shi ne aikin na haɗin gwiwa ne: kalsiyam na buɗe waɗannan, kwashe shi kuma na cin ATP, wanda ke sa ƙofar farko ta ɗan sake buɗewa.

Kalsiyam da ya zauna da yawa a cikin ƙwaya ba tare da hutu ba guba ne gare ta. A ciwon suga irin na manya, jiki kan daina jin maganar insulin sosai, ƙwayoyin beta su ninka aiki shekara da shekaru, luguden ya rikice, daga baya su gaji su ragu. Wani bincike da aka yi a Oksfod a 1988 ya nuna cewa tsarin tsartuwar kan fara lalacewa har a jikin 'yan uwan masu ciwon na jini, tun kafin ciwo ya bayyana sosai. Da ya faɗi wannan sai muka kalli juna, ni da shi, ɗan wa da ɗan ƙanwa.

Daga nan muka gangara tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda yanzu gidan tarihi ce. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango da bakan gizo a rufi, da ka shiga sanyi ya ratsa ka. A nan su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam suka zauna a aji, kafin a mai da makarantar Kaduna a 1938, daga can Zariya inda ta zama Barewa. An kafa ta a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. A waɗannan shekaru biyu ne daidai, a birnin Toronto na Kanada, Frederick Banting da Charles Best suka tatso insulin, aka kuma fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa a Janairun 1922 ya tashi daga bakin kabari. Ina tsaye a ajin nan na riƙa tunanin cewa wannan kwaleji da insulin sa'o'in juna ne, sun haura shekara ɗari tare, amma har yau mace kamar Gwaggo ba ta samu wanda ya zauna ya yi mata bayanin abin da ke faruwa a cikinta da harshen da take mafarki da shi ba. Garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, garin da ɗalibai suka riƙa tako sahara domin karatu, bai kamata a ce iliminsa na jiki ya tsaya a bakin ƙofar aji ba. Laifin namu ne mu da muka yi karatun.

Da yamma muka shiga Babbar Kasuwa sayen magani. Kafin ka kai layin masu kemis sai ka ratsa ta gaban masu maganin gargajiya, lasifika na amsa-kuwwa, gora ɗaya wai tana maganin basir da sanyi da hawan jini da suga gaba ɗaya. Ba na raina itatuwanmu. Metformin ma, maganin da aka fi ba masu suga a duniya, asalinsa daga wani tsiro ne na Turai. Abin da nake ƙi shi ne a ce wa mai ciwo ya watsar da maganin asibiti ya warke, domin na ga ƙafar da irin wannan magana ta ci.

A gefe guda wani dattijo na sayar da zuma da saƙarta, ƙudan zuma na shawagi a bakin ƙwarya. Taubashina ya ce wannan ƙwaro malamin masana ne. A dafinsa akwai wani sinadari, afamin, da ke toshe wasu daga cikin ƙananan ƙofofin nan na SK ya bar saura. A dafin wata jar kunama ta Indiya akwai mai toshe BK kaɗai. Wata kunamar kuma, ruwan ɗorawa, irin ta hamada wadda danginta suka bazu daga Gabas ta Tsakiya har ƙasashen Sahel, daga dafinta aka samo wani a 1985 mai toshe BK da wata matsakaiciyar ƙofa. Da waɗannan dafi ne masana ke rufe ƙofa ɗaya su ga abin da zai faru da gari. A ƙwayoyin beta na ɗan Adam, an nuna a 2008 cewa toshe BK na ƙara tsayin bugu da yawan insulin da ke fita. A Jamus kuma, a 2009, ɓerayen da aka cire wa matsakaiciyar ƙofar sun fi sauran iya kwashe suga daga jini. Shi ya sa ake kallon waɗannan ƙofofi a matsayin wurin da wani sabon magani zai iya fitowa, ko da yake suna nan a jijiyoyin jini da ƙwaƙwalwa da sauran sassa, don haka taɓa su sai da lura.

Matsakaiciyar ƙofar nan ma ba baƙuwarmu ba ce. Wani masani ɗan Hangari, Gárdos, shi ya fara gano aikinta a 1958 a cikin jajayen ƙwayoyin jini. A jikin mai sikila, idan ta buɗe potasiyam ya fita, ruwa na bin sa, ƙwayar jinin ta bushe ta ƙara lanƙwashewa kamar lauje. Ƙofa ɗaya, tana da hannu a ciwo biyu da kusan kowane dangi a Katsina ya san zafin ɗaya daga cikinsu.

A kemis aka miƙo mana maganin da Gwaggo ta saba sha, gilibenkilamaid, wanda mutane suka fi sani da Daonil. Taubashina ya riƙe katin ya ce ga amsar tambayarta ta biyu. Dangin wannan magani an gano su ne bisa tsautsayi a 1942 a Mompeliye ta Faransa, lokacin da likita Marcel Janbon ya ga masu taifot da ya ba wani sabon magani suna suma saboda sugansu ya faɗi. Aikinsa shi ne ya je ya rufe ƙofar farko da ƙarfi, ko akwai suga a jini ko babu. Ga wanda ke cin abinci a kan kari, taimako ne, ga shi da araha. Ga tsohuwar da ta sha shi da sahur ta wuni ba ta sa komai a ciki ba, sarkin ƙofa ne da ya garƙame ƙyaure ya tafi da mabuɗi: insulin na ta fita, suga na ta sauka, har la'asar ta same ta a ƙasa. Likitan da ya gan ta da safe ya riga ya canza mata shi da wani mai sauƙin haɗari, ya sake tsara mata lokutan sha, ya kuma ce ta riƙa gwaji da rana, in ta ga ya sauka ƙasa da 70, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, ko ya haura 300, ta sha ruwa nan take. Muka mayar da tsohon, muka sayi sabon, da kwalin tsinken gwaji wanda kuɗinsa ya sa na yi shiru. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan nan suka yi tashin gwauron zabo, mutane da yawa sun koma gwaji sau ɗaya a wata, wasu suna raba ƙwayar magani biyu don ta kai su ƙarshen wata.

A hanyar komawa muka bi ta Ƙofar Sauri, inda ƙungiyar likitocin nan ta MSF ke kula da yaran da tamowa ta kama, aikin da take yi a Katsina tun 2021. Mata na zaune a bakin hanya da goyo, akasarinsu daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka hana noma. Da farko na ɗauka wannan wata duniya ce daban da ta layin da na gani da safe, can suga ya yi yawa, nan abinci ya yi kaɗan. Ashe igiya ɗaya ce. Yaron da yunwa ta ci tun yana ciki ko yana goye, fankiriyas ɗinsa ba ya ginuwa yadda ya kamata, yana iya girma da ƙwayoyin beta da ba su da yawa ko ba su da ƙarfi. A Afrilun 2025, a taronta na Bankok, Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta amince da ciwon suga mai nasaba da rashin abinci a matsayin nau'i mai zaman kansa, ta kira shi nau'i na biyar, wanda ke kama ramammun matasa a ƙasashe irin namu. Na kalli wani jariri da ke barci a bayan uwarsa, hannunsa kamar sillen kara, na kasa ɗauke ido har keken ya wuce.

Bayan isha'i muka zauna a ɗakin Gwaggo, an kunna fitila mai caji domin babu wuta. Wata maƙwabciya ta shigo ɗaukar insulin ɗin ɗanta, wanda take ajiyewa a gidan saboda Gwaggo na da randa biyu, ƙarama cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin dabarar da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Yanzu da sanyi babu damuwa, in ji ta, fargabarta bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Da ta fita, taubashina ya ɗauko faifai da ƙwayoyin wake da na masara, ya jera wa mahaifiyarsa ganuwa da ƙofofi a kan tabarma. Wake potasiyam, masara kalsiyam. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse shi ba, ta sa yatsa ta tura masara ɗaya ciki, ta fitar da wake ɗaya waje, ta sake yi.

"Wato ba sammu ba ne, ba kuma kwaɗayi ba," ta ce. "Masu dakan ne suka gaji."

"Haka ne, Inna."

"To azumin fa? Soka yatsa da rana ba ya karya shi?"

Ya ce ya tambayi limamin unguwa, ya tabbatar masa ba ya karyawa, ya kuma tuna masa cewa addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Gwaggo ta yi shiru tana juya ƙwayar masara a tafin hannunta. Can ta ce a ɗauko mata na'urar, a nuna mata yadda ake sa tsinken da kanta, domin ranar da abin zai zo wataƙila babu kowa a gida sai ita da jikarta. Na riƙe mata fitila. Sau biyu hannunta na kaucewa, a na uku ɗigon jini ya hau, lambobi suka fito, ta matso da fuskarta kusa ta ce wa yarinyar ta karanto mata da ƙarfi.